Wayar Sitiyari: Nazari a Kan Motar Waya ta Yara

Motar waya abin wasa ne da yara maza ke ƙera wa kansu a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, kuma 'yar'uwa ce ga motar kara da motar gwangwani da ta langa-langa. A ƙauyuka irin su Duvu da ke Mubi ta Kudu, kasuwarta kan buɗe ne da kaka, idan an gama girbi, aikin gona ya sassauta, kara ya wadata. Abin da yaro ke gani a kan titi shi yake kwaikwaya. Yaron Mubi bai tashi da jiniyar jirgin ƙasa a kunne ba, domin dogon da ya isa Kano a 1911, da reshen da ya bi ta Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, duk ba su leƙo gindin duwatsun Mandara ba. Tirelar shanu mai ɗaukar kaya daga kasuwar Mubi zuwa kudu ita ce gwanarsa, sai a-kori-kura da Keke Napep.

Jikin motar ba ya ɗaukar dogon bayani. A lanƙwasa waya a fitar da siffa, a ɗaure gaɓoɓi da robar tsohon tiyub, a yanko tayoyi daga tsinkakken silifa ko a haɗa marafan kwalba. Nan idon mai kallo yake tsayawa. Gwanintar kuwa tana can wajen doguwar wayar da ta taso daga tayoyin gaba zuwa ƙugun yaro, aka naɗe ƙarshenta ya zama sitiyari. Aiki biyu take yi a lokaci guda: tura motar gaba, da isar da murɗawar hannu ga tayoyi. Idan ta yi laushi, yaro zai juya sitiyari har ƙarshe amma motar ta yi kunnen ƙashi, ta nufi kwata abinta.

Mafari yakan fara da wayar ɗaurin rodi da ya tsinto a wurin gini, don hannu kaɗai ya isa ya sarrafa ta. Kwana biyu ta karkace. Daga nan sai ya shiga neman wayar shinge mai kauri, ko wayar ƙafar keke don ƙananan mahaɗai, yana roƙon aron filaya wurin mai faci. Abin da ya gano da hannunsa injiniyoyi sun daɗe da lissafa shi. Idan aka ninka kaurin waya sau biyu, taurinta ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau 16 ne, wajen lanƙwasawa da wajen murɗawa baki ɗaya. Tsawo kuma abokin gaba ne: wayar da aka kafe bakinta ɗaya aka ninka tsawonta, sau 8 za ta ƙara sunkuyawa a ƙarƙashin nauyi iri ɗaya. Shi ya sa motar da ta yi wa ɗan shekara shida daidai take zama ragwaɓaɓɓiya idan yayansa ya ƙara mata tsawon sitiyari. Akwai kuma bambanci tsakanin tauri da tsalle. Wayar rodi da wayar keke masu kauri ɗaya kusan ƙarfi ɗaya suke buƙata kafin su fara rusunawa, sai dai ta rodi in ta lanƙwashe ta zauna ke nan, ta keke kuwa takan dawo inda take.

Wannan matsala ce dai ke damun manya a Turai da Amurka, masu shimfiɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo a ɗakunansu. A ma'aunin HO, wanda ya fi yaɗuwa, komai kashi ɗaya ne cikin 87 na ainihinsa, faɗin dogon kuma milimita 16.5. A mararraba da yawa akwai ɗan inji a ƙarƙashin allon da aka shimfiɗa dogon a kai, mai karkata harsunan dogo dama ko hagu. Wani sananne cikinsu, Tortoise na kamfanin Circuitron, yana zuwa da 'yar waya mai kaurin inci 0.025 da ke ratsa rami ta taso ta kama sandar harsunan. Idan allon ya yi kauri, ko mararrabar tana da nata sifirin kamar na kamfanin Peco na Ingila, wayar sai ta lanƙwashe ba ta kai harshen ya manne ba, jirgi ya zo ya yi tuntuɓe ya sauka daga layi. Maganin da suka saba shi ne sauya ta da wayar fiyano mai inci 0.032, bayan an ɗan faɗaɗa ramin da take shiga. A ido ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma taurin ya haura ninki biyu da rabi. In an zarce kima kuma, waya mai tauri takan ɓalle harsunan daga inda aka like su, kamar yadda sitiyari mai ƙarfin tsiya ke yage robar da ta riƙe tayoyin gaba.

Bambancin shi ne Bature yana sayen wayarsa a shago da lambar kaurinta a jiki, yaron Duvu kuwa yatsunsa ne ma'auni, ya lanƙwasa ya saki ya ga ko za ta dawo. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan ƙira ba. A Malawi galimoto suke ce mata, a garin Philipstown na Afirka ta Kudu har tsere ake shirya mata. A Arewa dai ta ja baya. Motocin roba 'yan Sin sun cika kasuwa da araha, wayar salula ta ɗauke hankalin yara, sannan 'yan jari-bola sun sa wa kowane guntun ƙarfe kuɗi, har wayar da a da ake tsinta kyauta a bola yanzu sai an riga mai buhu zuwa wurin.