Injin da iska ke sanyayawa: nazari kan zuciyar Volkswagen Beetle

Umarnin da gwamnatin Jamus ta ba Ferdinand Porsche a 1934 shi ne ya ƙera motar talaka, mai araha, wadda za ta yini tana gudun kilomita 100 a awa kan sababbin manyan hanyoyin ƙasar. Yawancin masu sayenta ba su da gareji, kuma a hunturun Jamus ruwan lagireto kan daskare ya fasa inji. Saboda haka aka yar da ruwa gaba ɗaya. Injin da Franz Xaver Reimspiess ya zana a ofishin Porsche silinda huɗu gare shi, a kwance, biyu dama biyu hagu, kowace da ƙayoyin ƙarfe a jiki, ga fanka tana hura musu iska. An ɗora shi a bayan mota, nauyinsa a kan tayoyin da ke ja.

Tunanin ba na Porsche kaɗai ba ne. Hans Ledwinka na kamfanin Tatra a Cekosulobakiya yana aiki a kan irinsa, har Tatra ta kai ƙara, Volkswagen ta biya diyya bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A ganina, hikimar injin tana cikin raunin da aka yi masa da gangan. Na 1938 cc 985 ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 25 ba. Tafiyar fistin gajera ce, kafireto ƙarami, hanyar shaƙar iska matsattsiya, don haka ko direba ya take totur har ƙasa injin ba ya kai gudun da zai ci kansa. Iyakar gudun motar shi ne gudun da za ta iya riƙewa daga safe zuwa dare. Ƙari ma da kaɗan-kaɗan aka yi ta yin sa: cc 1192 a 1954, har zuwa cc 1584 a 1970, mai ƙarfin doki 50. Shekara talatin da ɗoriya ana gyara tsari ɗaya ba a watsar da shi ba.

Amma masu cewa wannan inji ba ya son kulawa sun cuce shi. Sauƙinsa nauyi ne da aka sauke daga masana'anta aka ɗora wa mai mota. Ba shi da matatar mai ta kirki, sai 'yar rariya, ga baƙin man lita biyu da rabi kacal, wanda kuma shi ke kwashe wani kaso na zafin. Dole a juye shi duk bayan kimanin kilomita 5,000, a daidaita bawul da inji a sanyaye. Fanbel ɗaya ke juya dainamo da fanka. In ya tsinke direba ya ci gaba da tafiya, cikin 'yan mintoci ya ƙona inji. Akwai kuma aibi na asali: masanyayin mai ya tare wa silinda ta uku iska, ita ke riga sauran zafi, bawul ɗinta na hayaƙi ke fara karyewa. Sai wajajen 1971 aka matsar da masanyayin gefe.

Da aka fara haɗa motar a Legas a 1975, ta shigo zafin da ba don shi aka zana ta ba, kuma ta jure. Abin da ya fi kassara irin waɗannan injuna a ƙasa mai zafi shi ne rashin gwangwanayen da ke lulluɓe da silindoji da robar da ta zagaye ɗakin injin. Bakanike ya sauke inji, wanda noti huɗu ne kawai ke riƙe da shi, wajen mayarwa ya bar su a ƙasa don yana ganin ado ne. Alhali su ke nuna wa iska hanya, su ke hana fanka sake shaƙar zafin da ta fitar.

Dokokin hayaƙi da na ƙara ne suka kawar da wannan inji daga Turai da Amurka, domin inji marar rigar ruwa yana da kwaramniya, zafinsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Motar Golf ta Volkswagen, mai lagireto, ta karɓi ragama a 1974. Masana'antar Puebla a Meziko ta ci gaba da ƙera Beetle har 30 ga Yuli, 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21.