Naɗin Wiwi Mai Ƙafa 51: Nazarin Kayan Wasa a Fafutikar Halatta Tabar Wiwi a Amurka

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin wasan kwaikwayo da fim sun saba mayar da hankali a kan jigo da salo da 'yan wasa. Ba safai sukan tsaya a kan kayan wasa ba, wato abubuwan da ake ƙerawa ko a tanada domin ɗan wasa ya riƙe ko ya yi amfani da su a fage, kamar sandar sarki da takobin katako da kuɗin jabu. Dalilin wannan sakaci a fili yake, domin maƙerin kayan wasa ya fi cin nasara idan mai kallo bai ma lura da aikinsa ba. Sai dai a Amurka an sami masu fasaha da 'yan fafutika da suka fito da irin waɗannan kaya daga fagen fim zuwa kan titi, suka mayar da su makamin neman a halatta tabar wiwi. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun kayan daga 1936 zuwa 2016, mu ga abin da suke faɗa wa mai kallo da kuma abin da suke ɓoye masa. Hukuncin shan wiwi a addini da al'adarmu sananne ne, ba shi muka zo tattaunawa ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake sarrafa idon jama'a.

2.0 Sigarin da ya Haukata Jarumi

Masu neman a haramta wiwi su ne suka fara gane amfanin kayan wasa. A 1936 Louis Gasnier ya ba da umarnin wani fim mai suna Tell Your Children, wanda daga baya ya shahara da sunan Reefer Madness. Labarin wasu 'yan makarantar sakandare ne da dillalai suka yaudara. Daga zuƙa ɗaya sai dariyar hauka, sai kaɗe mutum da mota, sai harbin wata yarinya, sai wata ta faɗo ta taga ta mutu, sai kuma a tura wani gidan mahaukata. Idan muka duba da kyau za mu ga cewa ɗan siririn naɗin da ke yawo daga hannu zuwa hannu shi ne ainihin tauraron fim ɗin. 'Yan wasan ba su da wani hali nasu na kansu. Duk abin da suka aikata, naɗin ne ya sa su. Shekara guda bayan haka, a 1937, Majalisar Amurka ta kafa dokar harajin wiwi, wadda Harry Anslinger, shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya daɗe yana nema.

Masu iya magana kan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A 1972 Keith Stroup, wanda ya kafa ƙungiyar NORML mai neman gyaran dokokin wiwi a 1970, ya gano fim ɗin a ɗakin karatu na Majalisar Amurka, ya sayi kwafinsa a kan dala 297, aka shiga nuna shi a jami'o'i ana tara wa masu neman halattawa kuɗi. Ba a sauya ko da fitowa guda ba. Masu kallo ne suka sauya, kuma abin da ya firgita iyaye a da sai ya koma abin dariya ga 'ya'yansu. Reshe ya juye da mujiya ke nan. Darasin farko da za mu ɗauka a nan shi ne, kayan wasan da aka cika wa gishiri ba su da ubangida ɗaya. Wanda duk ya tsince su zai iya juya bakinsu.

3.0 Daga Tsoro Zuwa Raha

Ranar 1 ga Janairu 1976 wata doka ta fara aiki a jihar Kalifoniya, wadda ta rage hukuncin mallakar ɗan ƙaramin wiwi zuwa tarar dala 100. Da gari ya waye sai mutanen Los Angeles suka ga babban allon nan na kan dutse mai rubutun HOLLYWOOD ya koma HOLLYWEED, kalmar ƙarshen kuwa tana nufin ciyawa, ɗaya daga cikin laƙabin wiwi a Turanci. Wani ɗalibin fasaha mai suna Danny Finegood da abokansa ne suka yi aikin cikin dare da 'yan ƙyallaye. Ta fuskar salo, wannan aiki ya yi armashi saboda tsimin da ke cikinsa: haruffa biyu kawai aka taɓa, amma tambarin masana'antar fim baki ɗaya ya zama kayan wasa a hannun 'yan samari. An sake maimaita wannan dabara ranar 1 ga Janairu 2017, bayan masu zaɓe a jihar sun amince da halatta wiwi ga manya a Nuwamba 2016.

Fim ɗin Up in Smoke na 1978, wanda Lou Adler ya ba da umarni, Cheech Marin da Tommy Chong suka fito a ciki, shi ya kai wannan salon raha ƙololuwa. A cikinsa gogan biyu sun tuƙo wata motar kaya daga Meziko zuwa Los Angeles, ba su san cewa gangar jikin motar duka da wiwi aka ƙera ta ba, 'yan sanda kuwa suna biye da su suna ta shirme. Wannan mota ita ce kishiyar naɗin 1936. Can ƙaramin abu ya haifar da babbar masifa, nan kuwa abu mai girman ɗaki bai haifar da komai ba sai dariya. Duka biyun ƙarin gishiri ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma rayuwa ba fage ba ce. A 2003 kotun tarayya ta ɗaure Chong wata tara saboda kamfanin iyalinsa na sayar da lofen gilashi na shan hayaƙi, kuma masu gabatar da ƙara sun kawo batun finafinansa a matsayin shaidar cewa ya yi arziki da ƙawata shaye-shaye. Shi kuwa fim ɗin, a 2024 ɗakin karatun Majalisar Amurka ya shigar da shi cikin jerin finafinan da ƙasa ke adanawa. Ƙasar da ta ɗaure ɗan wasa ita ce ta karrama wasan.

4.0 Kayan Wasa a Ƙofar Fada

Ƙungiyar DCMJ ta birnin Washington, wadda Adam Eidinger yake cikin jagororinta, ita ce ta fi kowa ɗaukar zanga-zanga tamkar shirin fim. Bayan ta yi nasarar ƙuri'ar halatta mallakar wiwi a birnin a Nuwamba 2014, sai ranar 2 ga Afrilu 2016 ta nufi fadar shugaban ƙasa da wani naɗin wiwi na balan-balan mai tsawon ƙafa 51 a kafaɗun jama'a. Buƙatarsu ita ce Shugaba Obama ya fitar da wiwi daga aji na ɗaya, inda dokar 1970 ta ajiye shi tare da heroin. Masu tsaron fadar suka tare balan-balan ɗin, hoton ya zaga duniya. A watan Yuli na wannan shekarar kuma aka sake ɗaukar sa a titunan Philadelphia lokacin babban taron jam'iyyar Democrat.

Idan aikin kayan wasa shi ne jawo ido, to wannan naɗi ya yi aikinsa. Sai dai tambayar da ta wajaba a kan manazarci ita ce: wace hujja ya kafa? Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu neman halattawa ta adalci ce. Rahoton ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU na 2013 ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2010 an yi kame fiye da miliyan 8 a kan wiwi a Amurka, kashi 88 cikin 100 saboda mallaka kawai, kuma baƙar fata ya fi Bature yiwuwar shiga hannu kusan sau huɗu, alhali yawan shan nasu kusan ɗaya ne. A birnin Washington kuwa bambancin ya kai sau takwas. Ko ɗaya daga cikin wannan ba ya bayyana a jikin balan-balan. Abin da ido ke gani biki ne, jikan motar Up in Smoke ne. Uwar da ɗanta ya rasa aiki saboda tabon kamu ba ta cikin hoton.

A nan ya kamata mu kwatanta shi da wani kayan wasa da aka kai ƙofar wannan fada a Yuni 2012. David Bronner, shugaban wani kamfanin sabulu, ya kulle kansa cikin kejin ƙarfe tare da shukokin wiwin masana'antu, irin wanda ba ya sa maye, ya shiga girbe su yana matsar mai daga irinsu, har sai da aka yanke kejin aka kama shi. Wannan keji ya fi balan-balan nesa ba kusa ba, domin surarsa da saƙonsa abu ɗaya ne: ga manomi, ga amfanin gona, ga kurkuku. Mai kallo ba ya buƙatar tafinta. A 2018 dokar noma ta Amurka ta halatta shuka wannan nau'in.

5.0 Abin da ke Bayan Labule

Akwai wani sirri na sana'ar da ya kamata mu tuna. Abin da ɗan wasa ke zuƙa a gaban kyamara galibi ganyayyaki ne marasa sa maye. Shi ya sa yake tashi garau bayan an ɗauki fitowa sau goma. Wiwin kasuwa kuwa ba haka yake ba. Binciken samfuran da hukumomin Amurka suka kama ya nuna cewa sinadarin THC mai sa maye ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014. Wani bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya gano cewa masu shan mai ƙarfi kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau biyar. Ashe ke nan Reefer Madness ya ɗauki ƙwayar gaskiya ya binne ta cikin buhun ƙarya, har ta kai duk likitan da ya yi gargaɗi sai a yi masa dariyar 1972. Wannan ita ce ɓarna mafi girma da fim ɗin ya yi, kuma masu raha sun gaje ta sun ci moriyarta.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda naɗi guda ya yi wa ɓangarori biyu hidima cikin shekara tamanin, da tsoro a farko, da dariya daga baya, kuma a duka biyun mutane iri biyu ne aka bari a bayan fage: ɗaurarre da majinyaci. Batun ya shafe mu, domin waɗannan hotuna suna shigowa wayoyin matasanmu, kuma binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar nan da miliyan 10.6. Kiranmu ga marubutanmu da masu shirya finafinanmu shi ne, duk wanda zai ɗora naɗin wiwi a hannun ɗan wasa ya fara tambayar kansa abin da naɗin zai faɗa. Wanda ya haukata jaruminsa da zuƙa ɗaya, matasan da suka san abin za su yi masa dariya, su watsar da gargaɗinsa duka. Wanda ya mayar da abin wasa kuwa, sai ya je asibitin masu taɓin hankali ya ga waɗanda wasan ya ƙare a kansu.