AKWATIN INNA MAI LITTATTAFAI

Yau ƙorafi gare ni, kuma da mu nake, ba da maza ba.

A unguwarmu a Tambuwal an yi wata tsohuwa da muke ce wa Inna Mai Littattafai. Ba ta da ofis, ba ta da albashi. Akwatin ƙarfe ne guda biyu a ƙarƙashin gadonta, da wani ɗan littafin rubutu da take sa sunan duk wadda ta ara. A wurinta na fara ganin *So Aljannar Duniya* na Hafsatu Abdulwaheed da *Wa Zai Auri Jahila?* na Balaraba Ramat Yakubu. Ran kasuwa har daga Kebbe matan aure kan aiko yaro ya maido wani ya karɓi wani. Kuma ba ta miƙa littafi haka kawai. Sai ta dube ki ta ce, "Ke 'yar nan, wannan bai kai ki ba tukuna, ungo wannan." Amarya da nata, mai jego da nata, wadda aka yi wa kishiya da nata.

Da Allah Ya yi mata rasuwa, ko shekara ba a yi ba akwatunan suka zama wurin ajiye zannuwa. Rabin littattafan gara ta ci, sauran kuwa na tsinci shafinsu an ƙunshe mini ƙosai a ciki. Wallahi ranar sai da na yi hawaye. To wa ya kashe laburaren Inna? Mu ne. Mu da muke ara ba ma maidowa, mu bar yaro ya yaga, in an tambaya mu ce, "Haba, don ɗan littafi?"

Ya ke 'yar uwa, dubi tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙin ilimi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajojinta na 'Yan Taru suka riƙa kai su ƙauyuka suna karantar da mata. Ɗan uwanta Muhammadu Buhari, wanda ya zauna a nan Tambuwal, shi ma malami ne. Me ya sa rubutun Nana bai ɓace ba? Don an samu masu ajiya. Gidan Waziri a Sakkwato ya adana takardunta har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. A wurinsa Baturiyar nan Jean Boyd ta same su, har aka buga su a littafi guda duniya ta karanta. Da sun faɗo hannun irinmu, da tuni an sha koko da su.

Kar ki ce ai yanzu komai yana cikin waya. Waya ba ta san ki ba, ba za ta ce miki wannan bai dace da ke ba, kuma ran da ta faɗa ruwa shi ke nan.

Muna cika ɗaki da kwanukan da ba a ci a cikinsu. Don Allah a cikin kayan ɗakin 'yarki ki ware mata kwali ɗaya na littattafai. Wanda kika ara kuma, ki maido shi yau. Aro amana ne.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya ba unguwarmu wata irinta, amin.