Ɗigon Jini a Hanyar Sakkwato

Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce. Wanda aka ɗauko daga ƙauyukan Kebbe kuwa tasa ta fi haka. Idan maijego ce da zazzaɓi ya rufe kwana uku bayan haihuwa, hanyar kaɗai ta isa ta ci rai kafin a hango Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ya sa nake ganin girman malamin asibitin da ke zaune kusa da ita a bayan mota.

Sefsis yake fako: ƙwayar cuta ta shiga, garkuwar jiki ta tashi yaƙi, har ta koma tana ɓarnata ƙoda, huhu da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 ya kashe mutum miliyan 11.

Da ido yake farawa. Ya ƙirga numfashi: 22 ko fiye a minti. Ya auna jini: lambar sama ta faɗo 100 ko ƙasa. Ya kira sunanta, ta amsa da sambatu. Dangi na cewa iska ce, shi ya san biyu cikin alamun nan uku ma sun isa tashin hankali.

Sai ya tsira mata allura a yatsa. Ɗigo ɗaya na suga, ɗaya na maleriya, wanda ke fitowa cikin kamar minti 15. Ko maleriyar ta fito, gwani ba ya sakin jiki, domin cututtukan biyu kan haɗu a mutum ɗaya. Inda aka dace da 'yar na'urar laktet, ita ce ke tona abin da fuska ta ɓoye. Sinadarin laktet kan taru idan gaɓoɓi sun rasa isasshiyar iska. Ya haura 2, a sa ido, ya kai 4, rai na cikin haɗari.

Ya kama jijiya tun ba ta ɓuya ba, ya ɗebi jinin gwaji kafin maganin ƙwayoyin cuta, wanda ake so ya shiga cikin awa ɗaya. Ƙarin ruwa ne ya fi burge ni da shi. Binciken FEAST na 2011 a Uganda, Kenya da Tanzaniya ya nuna ɗura wa yara ruwa da gaggawa ya ƙara mace-mace. Don haka, ko da yake ita ba yarinya ba ce, a hankali yake sakinsa, yana sauraren ƙirji, ɗaya hannun na kiran asibiti: ga lambobinta, a shirya gado.