Halin Kirista da Tasirinsa a Cikin Jama'a: Nazarin Taurari Uku a Littafin Things Fall Apart

1.0 Gabatarwa

An saba raba 'yan mishan na littafin Things Fall Apart, wanda Chinua Achebe ya wallafa a 1958, gida biyu: Mista Brown mai sanyin hali da Rabaran James Smith mai zafin kai. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa rabon bai cika ba, domin ya bar mutum na uku a baya, watau Mista Kiaga, tafinta. Ma'aunin da za mu ɗauka na addinin taurarin ne su kansu. A Matiyu 5:13-16 an kwatanta mai bi da gishiri da haske, ma'ana ana gane halinsa ta abin da ya haifar a cikin jama'a. Achebe ba baƙon wannan ma'auni ba ne, tun da yake an haife shi a Ogidi a 1930 a gidan malamin mishan.

2.0 Smith da Brown

Smith ba ya buƙatar dogon bayani. A ganinsa duniya fagen yaƙi ce, babu sulhu tsakanin sabon addini da al'ada. Ya dakatar da wata mace daga coci don ta bar mijinta ya tsattsaga gawar ɗanta, wanda aka ɗauka ɗan wabi ne. Zafinsa ya ba Enoch ƙarfin gwiwar tone asirin dodon egwugwu a bainar jama'a, aka rushe cocin Umuofia, Di'o ya kama shugabannin gari shida, masinjojin kotu kuma suka mai da tarar buhu 200 na wuri zuwa 250. Smith yana da jarunta, domin ya tsaya gaban dodanni bai gudu ba, amma jaruntarsa ba ta tsirar da kowa ba.

Al'amarin Brown ya fi wuyar warwarewa. Ya hana mabiyansa tsokanar jama'a, ya riƙa zama da dattijo Akunna suna muhawara a kan Chukwu, har wani ƙauye ya ba shi kyautar haurin giwa. Ko bayan tafiyarsa, albarkacinsa ne ya sa dodanni suka ƙyale Smith ba su taɓa shi ba. Sai dai marubucin ya bayyana cewa daga hirarsa da Akunna ne Brown ya gane cewa gaba da gaba ba za ta yi ba, sannan ya gina makaranta da ƙaramin asibiti, yana jawo ɗalibai da kyautar singileti da tawul. Ke nan haƙurinsa hali ne, kuma dabara ce. Bugu da ƙari, makarantarsa ita ta samar wa gwamnatin Turawa akawuna da masinjoji.

3.0 Kiaga

A Mbanta ne aka jarraba hali na gaskiya. Kiaga baƙar fata ne, an bar masa ƙaramar coci a mugun daji inda ake zubar da masu mugun ciwo, ba shi da kyautar da zai raba. Waɗanda suka zo masa su ne waɗanda gari ya yar. Alal misali, Nneka ta yi haihuwa huɗu, duk tagwaye, duk an zubar, sai ta gudo da ciki. Da wasu osu biyu, watau mutanen da aka keɓe wa gunki, suka shigo coci, mabiyan da kansu suka tayar da ƙayar baya. Kiaga ya ƙi korarsu, wani mabiyi ya fice, sauran suka zauna saboda tsayuwarsa. A nan kaɗai ne a littafin mai wa'azi ya yarda ya yi hasarar mabiyi domin ya riƙe wanda aka raina.

Duk da haka Achebe bai wanke shi sarai ba. Kiaga ya yi murna da Nwoye ya rabu da mahaifinsa Okonkwo, bai auna raunin da hakan zai yi wa gidan ba. Amma abin lura shi ne, ba hujja ce ta ja Nwoye ba. Waƙa ce ta taɓa tsohon mikin da kisan Ikemefuna da kukan tagwaye a daji suka bar masa.

4.0 Kammalawa

Mun ga cewa Smith ya riƙe aƙida ya rasa jama'a, Brown ya sami jama'a amma alherinsa ya cuɗanya da mulkin mallaka. Kiaga ne ya fi kusa da ma'aunin gishiri da haske, domin tasirinsa ya sauka a kan waɗanda ba su da abin saka masa. Saboda haka ya kamata mu malamai, in za mu koyar da littafin, mu ba babi na 17 da na 18 irin muhimmancin da muke ba babi na 21 da na 22.