Tsokaci a kan Usulus Siyasa na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, wannan ɗan littafi wallafar Muhammadu Bello ne ɗan Shehu Usmanu, wanda ya riƙe sarautar Musulmi daga 1817 har rasuwarsa a Wurno a 1837, Allah ya jiƙansa. Ya rubuta shi da Larabci don amsa roƙon Malam Umaru Dallaji, wanda ya zama sarkin Katsina bayan jihadi. Kafin ka shiga matani da fassararsa ta ajami, ga abin da muka ga ya kamata ka riƙe.

Farko dai sunan littafin. Yau idan an ce siyasa, sai hankali ya tafi ga jam'iyya da ƙuri'a. A Larabci asalin kalmar kiwo ne da horo, irin wanda mai kula da doki yake yi wa dokinsa. Hausar dattawa ta fi kusa da wannan ma'ana, inda ake cewa a yi wa mutum siyasa, wato a bi da shi da dabara da lallashi. Sauran sunan kuma yana maganar hanyar kuɓuta a cikin al'amuran shugabanci. Ba a neman kuɓuta sai daga wurin halaka. Ke nan tun daga suna mawallafi ya ɗauki sarauta rami ce da ake tsoron faɗawa.

Ya kasa maganarsa asali bakwai, ya mai da su duka ga adalci. Biyu sun shafi sarki a kan kansa: tsoron Allah da bin sunna, sannan taushin hali da rinjayar da afuwa a kan fushi. Biyu sun shafi na kusa da shi: ya lizimci malaman ƙwarai, ya kuma zaɓi ma'aikata ya ɗora musu sharaɗin adalci. Uku sun shafi talakawa: ya umarce su da adalci a tsakaninsu, ya tsaya a kan maslahar rayuwarsu, ya bi da su a hankali. Wanda ya karanta Tibrul Masbuk da ake dangantawa ga Imamu Gazali zai ji ƙamshinsa a nan, sai dai Bello ya taƙaita, don yana magana ne da mutumin da aiki ya riga ya hau kansa.

Ƙarfin littafin yana cikin wannan jeri. An fara da zuciyar mai mulki, aka fito zaurensa, kana aka isa gari. Mai fassarar da ya karanta asali na shida kafin na biyu ya ɓata ginin, domin wanda bai iya riƙe fushinsa ba, fadawansa za su koyi faɗa masa abin da yake so kawai, labarin talaka kuma ba zai iso shi ba. Asali na shida shi ne mafi daɗin karatu. A cikinsa aka ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, da gina ganuwa da gyaran kasuwa da hanya, da tanadin abinci. Wannan ya isa raddi ga mai zaton taƙawar shugaba ita ce yawan zama a kan buzu alhali rumbunan gari babu hatsi.

Akwai wuri biyu da ya kamata a yi hattara. Na ɗaya asali na biyar, inda aka nuna halin masu mulki yana bin halin waɗanda ake mulka. Magana ce mai tushe, amma azzalumi yana iya mai da ita garkuwa, ya ce wa talaka laifinka ne ya jawo ni. Maganinsa shi ne a tuna wa aka rubuta wa littafin. Sarki aka aika wa, kuma sai da aka gama ɗaure shi da asali huɗu kafin a ambaci laifin jama'a. Na biyu, littafin ya dogara ga imanin mai karanta shi. Ya faɗi abin da ya wajaba a kan sarki, bai tsaya a kan abin da za a yi in ya ƙi ba. Nasiha ce ta malami ga abokin tafiyarsa, kada a nemi hukuncin alƙali a cikinta.

Almajirin Maraɗi yana da wani nauyi na dabam. Sarautar da Umaru Dallaji ya hau, zuriyar masu ita ne suka kafa mulki a Maraɗi, kuma Bello da kansa ya yaƙi Gobir da Maraɗi a Gawakuke a 1836. Wannan tarihi ba a ɓoye yake ba. Amma ma'aunin da ya kafa ba na gida ɗaya ba ne. Da shi za a auna Sakkwato, da shi za a auna Maraɗi da Damagaram, da duk wanda ya riƙe kujera yau.

Kada kuma ka ce ni ba sarki ba ne. Hadisi ya sanya kowa makiyayi, ya ambaci maigida da uwargida tare da shugaba. Uban da yake son ɗansa ya bar ƙarya, ya fara da harshensa. Ya duba su wane ne suke zama a ƙofar gidansa, da wanda ya danƙa wa yaro. Malamin tsangaya shi ma ya karanta asali na shida ya tambayi kansa: yaran da aka ba shi amana, me suka ci yau, ina suka kwana, wace sana'a za su fita da ita? Bulala ba ta tsayawa a madadin waɗannan.

Ka karanta shi a jere, asali bayan asali, ka fara gwada na biyu a kan kanka kafin ka gwada na biyar a kan wani. Allah ne mafi sani. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da aka ba mu kiwo, amin.