Hannun da Sid Halley Ya Ɓoye

Dick Francis ya san doki kafin ya san alƙalami. Shi ne zakaran mahayan tseren tsallake shinge na Ingila a kakar 1953 zuwa 1954. Shi ne kuma a kan Devon Loch, dokin uwar Sarauniya, ranar da ya zube dab da ƙarshen tseren Grand National a 1956. Wanda ya ɗanɗani irin wannan faɗuwa ne ya rubuta Odds Against a 1965.

Jarumin littafin, Sid Halley, shi ma tsohon zakara ne. Doki ya taka masa hannun hagu, hannun ya lalace, sana'a ta ƙare. Shekara biyu yana zaman kashe wando a wani ofishin masu bincike, hannu kullum cikin aljihu. Bayan an harbe shi a ciki, surukinsa Charles Roland ya haɗa shi da Howard Kraye, wanda yake sayen hannun jarin filin sukuwar Seabury a ɓoye, yana kuma haddasa ɓarna domin filin ya durƙushe a sayar wa magina gidaje.

Littafin yana da rauni. Tun da wuri mun san mugun, kuma Kraye mugu ne zalla, ba wani kokawa a zuciyarsa. Ƙarfinsa yana wurin Zanna Martin, ma'aikaciyar ofis wadda gefen fuskarta ya ƙone, take zama tana fuskantar bango. Sid ya kusance ta ne domin ya tatsi labari, amma suka yi alkawari: ita ta juyo ta dubi mutane, shi kuma ya fitar da hannunsa daga aljihu. Duk wanda ya taɓa ɓoye wani tabo zai gane nauyin wannan alkawari.

Littattafan da suka biyo baya sun ɗora a kan wannan tushe. A Whip Hand na 1979, tsoron rasa ɗaya hannun ya sa Sid gudu. A Come to Grief na 1995, mai laifin abokinsa ne. Francis ya rasu a 2010, ɗansa Felix ya ci gaba da labarin.

Akwai azabtarwa a ciki, don haka ba na yara ba ne. Babba kuwa, ya fara da na farkon.